J. M. W. Turner: Nazari a kan Rayuwa da Ayyukan Mai Zanen Teku da Sararin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar wa mahalarta wannan taro da rayuwa da ayyukan Joseph Mallord William Turner, wanda ya rayu daga 1775 zuwa 1851, wanda kuma masana tarihin zane suka haɗu a kan cewa yana cikin manyan masu zanen da ƙasar Ingila ta taɓa haifa. Da farko za mu yi taƙaitaccen bayani a kan asalinsa da tasowarsa, sa'an nan mu dubi mazhabar zanen da ake jingina shi gare ta, da dabarun aikinsa, kana mu tsaya a kan kaɗan daga cikin zane-zanensa mu yi musu duban tsanaki.

Akwai wata tambaya da za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe. Sau da yawa akan ɗauka cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana gajimare da duwatsu da raƙuman ruwa ya juya wa al'amuran mutane baya ke nan, aikinsa kuma bai wuce abin ƙawata bango ba. Ra'ayinmu shi ne ayyukan Turner sun rushe wannan zato, domin a cikin tekun da ya zana za a tarar da yaƙe-yaƙen zamaninsa, da shigowar injin tururi, da kuma cinikin bayi wanda ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye.

2.0 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Turner a birnin Landan cikin 1775, a unguwar Covent Garden, kusa da babbar kasuwar kayan lambu, ba nisa da kogin Tems. Mahaifinsa, William Turner, mai aski ne, yana kuma haɗa hulunan gashi irin waɗanda manyan mutane ke sawa a wancan zamani. Mahaifiyarsa, Mary Marshall, ta yi fama da taɓin hankali, har aka kai ta asibitin Bethlem a 1800, inda ta rasu a 1804. Saboda halin da gidan yake ciki, tun yana ɗan shekara goma aka aika da shi wurin kawunsa a Brentford, daga baya kuma ya zauna a Margate, wani gari na bakin teku. A can ne ya fara sabawa da jiragen masunta da yadda haske ke sauka a kan ruwa.

Mahaifin nasa ne ya fara gane baiwar yaron. Yakan rataye zane-zanensa a shagon askinsa, ya sayar wa masu zuwa aski da ɗan abin da ya sauwaƙa. Yaron ya yi aiki a hannun masu zana gine-gine, musamman Thomas Malton, inda ya koyi auna nisa da kusa a kan takarda. A 1789, yana da shekara 14, aka karɓe shi a makarantar Majalisar Sarki ta Masu Zane, watau babbar cibiyar zane ta Ingila. Shekara guda bayan haka aka nuna zanensa na fentin ruwa a bajekolin Majalisar. A 1796 ya nuna zanensa na farko na fentin mai, wanda ke nuna masunta a cikin teku da dare, hasken wata a sama, ga kuma 'yar fitilarsu tana ƙyalli a cikin kwalekwale. A 1799 aka zaɓe shi ƙaramin wakilin Majalisar, a 1802 kuma ya zama cikakken wakili yana da shekara 26. A 1807 aka naɗa shi farfesan ilmin auna nisa da kusa, muƙamin da ya riƙe har 1837.

Duk da wannan ɗaukaka, Turner bai taɓa rabuwa da karin harshen talakawan Landan ba, an kuma san shi da ƙarancin magana da ɓoye sirrinsa. Mahaifinsa ya bar aski ya dawo yana yi masa hidima, yana shirya masa ƙyallayen zane, yana kula da ɗakin nunin da ya buɗe a 1804, har zuwa rasuwarsa a 1829. Wannan rashi ya girgiza Turner ƙwarai.

3.0 Mazhabar Romantik da Batun Kwarjini

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu warware wata rikitarwa. Kalmar Romantik, kamar yadda masana tarihin adabi da zane ke amfani da ita, ba ta nufin soyayya tsakanin namiji da mace. Suna ce ta wani yunƙuri da ya taso a Turai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ya kai tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya fifita abin da zuciya ke ji a kan ƙa'idojin da aka gada, ya kuma mai da hankali ga halitta: duwatsu, da dazuzzuka, da teku, da hadari. A Jamus akwai Caspar David Friedrich, a Faransa akwai Géricault da Delacroix, a Ingila kuma akwai Turner da John Constable.

Wani abin da ya yi wa wannan yunƙuri jagora shi ne bambancin da Edmund Burke ya fitar a cikin wani littafinsa na 1757 tsakanin iri biyu na abin da ke motsa zuciya. Na farko shi ne kyau, watau abin da ke da laushi da tsari, yana sanyaya rai. Na biyu shi ne abin da ke da girma da duhu da ban tsoro, wanda mutum ke jin ƙanƙantar kansa a gabansa, amma duk da haka ya kasa kau da ido. Kalmar da muke ganin ta fi dacewa da wannan na biyu a Hausa ita ce kwarjini. Fure yana da kyau, amma hadarin da ya haɗu ya yi baƙi ƙirin a gabas kwarjini gare shi. Mafi yawan manyan ayyukan Turner neman kama wannan kwarjini suke yi.

Sai dai kuma ya kamata a lura cewa a lokacin da ya fara aiki, zanen sararin ƙasa ba shi da daraja sosai. Masana sun jera nau'o'in zane hawa-hawa, suka ɗora zanen tarihi da labaran da a bisa, suka ajiye zanen fili da ruwa a can ƙasa. Babban burin Turner shi ne ya ɗaga darajar wannan fanni. Don haka ne daga 1807 zuwa 1819 ya riƙa fitar da jerin hotunan ɗab'i mai suna Liber Studiorum, inda ya kasa zanen sararin ƙasa gida-gida, kamar na tarihi, da na duwatsu, da na karkara, da na teku, da na gine-gine, don ya nuna faɗin fannin. Gwaninsa a wannan hanya shi ne Claude Lorrain, Bafaranshen ƙarni na 17, wanda Turner ya yi ta gogayya da ayyukansa har ƙarshen rayuwarsa.

4.0 Tafiye-tafiye da Dabarun Aiki

Turner mutum ne mai yawan tafiya. Kusan kowace shekara, idan lokacin zafi ya zo, yakan ɗauki littattafansa na zane da fensir ya shiga ƙasa, ya dawo da ɗaruruwan zane-zanen gaggawa waɗanda zai yi aiki a kansu a lokacin sanyi. Yaƙin da ake yi tsakanin Ingila da Faransa ya hana shi ƙetare ruwa sai a 1802, sa'ad da aka yi ɗan gajeren sulhu, ya je Faris ya yi nazarin ayyukan magabata a gidan Louvre, ya kuma ga duwatsun Alps a Suwizalan. A 1819 ya je Italiya a karo na farko don zagaya manyan biranenta, ya ga Benis da Roma da Nafuli. Masana da yawa suna ganin hasken Italiya ya ƙara wa launukansa haske, rawaya da fari suka riƙa rinjayar duhun da ke cikin ayyukansa na farko.

Game da dabara kuwa, abu uku ne za mu ambata. Na ɗaya, ya ɗauko halayen fentin ruwa ya shigar da su cikin fentin mai. A fentin ruwa, farin takarda ne ke ba da haske ta ƙarƙashin launi. Turner ya riƙa shimfiɗa farin fenti a kan ƙyalle kafin ya ɗora launuka sirara-sirara, alhali al'adar da aka saba ita ce a fara da shimfiɗa mai duhu. Na biyu, bai tsaya ga burushi kawai ba, yakan yi amfani da wuƙar fenti, da tsumma, da yatsunsa, har da farcensa wajen kankare launi. Na uku, ya yi saurin karɓar sababbin launukan da masana kimiyya suka ƙirƙiro a zamaninsa, kamar rawayan kurom da shuɗin kobal. Wasu daga cikin jajayen launukan da ya yi amfani da su ba su da ƙarko, shi ya sa wasu zane-zanensa suka koɗe.

Akwai kuma al'adar Majalisa ta ba wa wakilanta 'yan kwanaki kafin a buɗe bajekoli don su yi wa zane-zanensu gyaran ƙarshe a bango. Turner yakan kawo zane wanda bai wuce inuwar launuka ba, ya tsaya a gaban jama'a ya ƙarasa shi. A 1832 an rataye wani zanensa na teku mai launin toka kusa da wani zanen Constable mai yawan ja. Turner ya shigo ya ɗiga jan fenti guda a tsakiyar tekunsa, daga baya ya mai da ɗigon ya zama alamar nan mai iyo da ke nuna wa jirage hanya, sai idon kowa ya koma kan nasa zanen.

5.0 Halitta a Matsayin Mai Iko

A 1812 Turner ya nuna wani babban zane a kan Hannibal, jarumin Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, yana ƙetare duwatsun Alps da rundunarsa don ya auka wa Rumawa a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da wani mai zanen tarihi ne, da jarumin zai sa a tsakiya, a kan dabbarsa, kowa ya gan shi. Turner kuwa ya cika ƙyallen da wata guguwar dusar ƙanƙara da ta lanƙwaso kamar za ta haɗiye rana, rundunar kuma ta zama 'yan ƙananan halittu a ƙasa, shi kansa Hannibal da ƙyar ake hango giwarsa daga nesa. Masu kallo na wancan lokaci ba su kasa tuna Napoleon ba, wanda shi ma ya ƙetare waɗannan duwatsu da runduna a 1800. Saƙon a fili yake: kome ƙarfin sarki, akwai abin da ya fi shi ƙarfi.

Wannan tsari na guguwa mai juyawa ya kai matuƙa a zanensa na 1842, na wani jirgin ruwa mai tururi a bakin tashar jirage cikin hadarin dusar ƙanƙara. A nan ba a iya raba sama da ruwa, hayaƙi da kumfa da iska duk sun cakuɗe suna kewaya jirgin. An ruwaito cewa Turner ya ce ya sa matuƙa sun ɗaure shi a jikin gungumen tsakiyar jirgi har sa'a huɗu don ya ga hadarin da idonsa, amma masana da dama suna shakkar wannan labari. Abin da ba a shakka a kansa shi ne zanen ya cire mai kallo daga tudun mun tsira ya jefa shi cikin hadarin.

6.0 Shigowar Tururi

Turner ya rayu a lokacin da injin tururi ke sauya fuskar Ingila, ya kuma sha bamban da yawancin abokan sana'arsa, waɗanda ke ganin hayaƙin inji bai cancanci shiga zane ba. Zanensa da ya fi shahara, wanda ya nuna a 1839, yana nuna jirgin yaƙi Temeraire, mai igwa 98, wanda ya yi fice a yaƙin Trafalgar na 1805, ana jan sa a kogin Tems zuwa Rotherhithe inda za a farfasa shi. An yi wannan ja ne a 1838. A cikin zanen, tsohon jirgin fari ne fat kamar fatalwa, wani ɗan ƙaramin jirgi baƙi mai aman wuta da hayaƙi yana jan sa, rana kuma tana dab da faɗuwa.

Ya kamata a san cewa Turner bai bi zahirin abin da ya faru sau da ƙafa ba. An riga an cire wa jirgin gungumansa kafin a ja shi, amma shi ya mayar masa da su, jirage biyu ne kuma suka ja shi, shi kuwa ɗaya ya fito da shi fili. Wannan ya nuna mana cewa ma'anar al'amarin yake bi, watau shuɗewar zamanin jiragen iska da kamawar zamanin inji. Bai yarda ya sayar da wannan zane ba har ya mutu.

A 1844 kuma ya nuna zanen jirgin ƙasa yana ƙetare gadar Maidenhead, wadda injiniya Brunel ya gina, cikin ruwan sama da hazo. A gaban jirgin, a kan dogo, akwai ɗan zomo yana gudu, a gefe kuma ga wani manomi da garmarsa. Gudun halitta da gudun inji ne aka gwama a wuri guda.

7.0 Zanen Jirgin Bayi

Yanzu mun zo ga zanen da ya fi shafar mu. A 1840, shekarar da aka yi babban taron duniya na yaƙi da bauta a Landan, Turner ya nuna zanen wani jirgin bayi wanda ma'aikatansa ke jefa matattu da waɗanda ke bakin mutuwa cikin teku, ga kuma guguwa tana tahowa. Abin da ido ke fara gani shi ne rana mai ja kamar jini da jirgi can nesa. Sai an matso ne ake ganin hannuwa suna ɗagowa daga cikin ruwa, da sarƙoƙi, da ƙafar wani mutum da mari a jikinta, kifaye da tsuntsaye sun yi mata caa.

Masana da yawa suna danganta wannan zane da abin da ya faru a jirgin Zong, mallakar wasu 'yan kasuwar Libaful. Jirgin ya tashi daga gaɓar Ghana ta yau a 1781 da bayi fiye da 400, ya nufi Jamaika. A kan hanya ma'aikatansa suka jefa fiye da mutum 130 cikin teku da ransu, suna kafa hujja da ƙarancin ruwan sha, masu jirgin kuma suka nemi kamfanin inshora ya biya su diyyar abin da suka kira asarar kaya. Maganar ta je kotu a 1783 a matsayin rikicin inshora, ba a kuma hukunta kowa da laifin kisan kai ba. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya taɓa zama bawa, shi ne ya kai labarin ga Granville Sharp, suka yayata shi. Wasu masanan kuwa suna ganin Turner yana nuni ne ga abin da ke faruwa a zamaninsa, domin ko bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, ta kuma yi dokar soke bauta a 1833, jiragen wasu ƙasashe sun ci gaba da fataucin, sukan kuma zubar da mutane a ruwa idan jiragen sintiri suka biyo su.

Akwai matsaloli biyu da bai kamata mu tsallake ba. Ta farko, binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a 1805 Turner ya sayi hannun jari a wata gona a Jamaika wadda aka shirya gudanar da ita da aikin bayi. Saboda haka mai zanen na 1840 ba baƙo ba ne ga al'amarin da yake la'anta. Ta biyu ita ce tambayar ko ya halatta a mai da irin wannan ta'asa abin sha'awar ido. John Ruskin, wanda ya mallaki zanen daga 1844 zuwa 1872, ya cika shafi da yabon tekun da launukan, amma bayin sai a ɗan bayanin ƙasan shafi ya ambace su. A ganinmu laifin mai kallo ne ya tsaya ga ranar ya ƙi duban ruwan, domin Turner ya sa mutanen a gaba, kusa da mai kallo, jirgin da ya zubar da su kuma ya sa shi ya nufi cikin guguwa. Amma kuma dole a yarda cewa mutanen nan ba su da fuska a cikin zanen, gaɓoɓi kawai ake gani. Wannan muhawara ba ta ƙare ba, ya kuma dace masana na wannan yanki namu su sa baki a cikinta. Zanen yana gidan adana zane-zane na birnin Bostan a Amurka.

8.0 Suka, Yabo da Wasiyya

Yayin da ayyukansa suka riƙa nisa da siffofi bayyanannu, suka ta yi yawa. Wani mai sharhi ya kwatanta zanen hadarin 1842 da kumfar sabulu da farar ƙasa, wasu ma suka ce tsufa ya taɓa masa hankali. Wannan ne ya harzuƙa Ruskin, yana saurayi ɗan shekara 24, ya fitar da juzu'in farko na littafinsa a kan masu zanen zamani a 1843, inda ya kafa hujja cewa Turner ya fi magabata sanin gaskiyar gajimare da ruwa da duwatsu.

Turner bai taɓa aure ba. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a wani ƙaramin gida a Chelsea, a bakin Tems, tare da Sophia Booth, maƙwabta kuma suna kiran sa da sunanta ba tare da sanin ko shi wane ne ba. Ya rasu ran 19 ga Disamba, 1851, aka binne shi a babbar majami'ar St Paul. Ya yi wasiyya cewa a ba ƙasa kammalallun zane-zanensa, a kuma kafa gidan taimakon gajiyayyun masu zane da dukiyarsa. Danginsa suka kai ƙara, aka sasanta a 1856: dangi suka sami yawancin dukiyar, gidan taimakon bai tabbata ba, ƙasa kuwa ta sami zane-zanen fentin mai kusan 300 da na takarda kimanin 30,000. A 1987 aka buɗe musu wani sabon sashe na musamman a gidan Tate. An sa wa wata babbar kyautar zane sunansa tun 1984, a 2020 kuma aka sa hotonsa da na Temeraire a takardar fam 20 ta Ingila.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun bi Turner daga shagon aski zuwa Majalisar Sarki, mun bayyana matsayinsa a mazhabar Romantik ta hanyar bambanta kyau da kwarjini, mun kuma duba biyar daga cikin manyan zane-zanensa. Mun ga cewa ya ɗaga zanen sararin ƙasa da teku har ya ɗauki nauyin da a da zanen tarihi kaɗai ke ɗauka. Shawararmu ga malaman zane da na tarihi ita ce, idan za a koyar da ayyukansa, a haɗa nazarin launi da haske da nazarin abin da ke faruwa a shekarar da aka yi kowane zane, a kuma sa ɗalibai su fara faɗin abin da suka gani a cikin ruwan kafin a gaya musu sunan zanen. Muna fata masu bincike za su ɗora daga nan, musamman a kan yadda masu zanen Turai na ƙarni na 19 suka siffanta mutanen Afirka.